Daga Duwatsun Shira Zuwa Ajin Sakandare: Tarihin Karatun Zane A Ƙasar Katagum



Yau so nake mu tattauna a kan wani darasi da mu iyaye ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato darasin zane da ake koya wa yaranmu a sakandare. In yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, Lissafi da Turanci muke fara dubawa, shi kuwa zane ko ya ci ko ya faɗi babu mai tambaya. To amma karatun zane, wato mutum ya kalli hoto ko ado ya fitar da ma'anarsa tare da hujja, tsohon ilimi ne a ƙasarmu, ya girmi boko nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun iya shi, kuma 'ya'yanmu da ke tasowa nesa da gida su suka fi kowa bukatarsa. Zan kafa misali da ƙasar Katagum, domin tana tsakanin Kano da Borno, kuma kusan kowane irin zane da Arewa ta sani ya bar sawunsa a cikinta ko a maƙwabtanta.

Shanun Da Ba Su Da Tozo

Mu fara da mafi tsufa. Duk wanda ya san ƙasar Katagum ya san Shira, tsohon garin nan mai duwatsu da ke kudu maso yammacin Azare. Tun kafin jihadi Shira masarauta ce mai cin gashin kanta, ita da 'yan'uwanta Tashena da Auyo. A jikin duwatsunta akwai zane-zanen da mutanen da suka yi da jan launi, yawanci na shanu da na mutane, kuma gwamnatin tarayya ta sanya su cikin jerin abubuwan tarihi na ƙasa. Akwai ire-irensu a Geji ta wajen Toro, waɗanda wani Bature mai suna Hamo Sassoon ya yi rubutu a kansu a 1960, akwai kuma na Birnin Kudu a jihar Jigawa, waɗanda Bernard Fagg ya nazarta a shekarun 1950.

Abin da Fagg ya lura da shi a Birnin Kudu shi ne darasinmu na farko. Shanun da aka zana a can ba su da tozo. Wasu masu dogayen ƙahoni ne, wasu gajeru, amma gadon bayansu a miƙe yake. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san bunaji da rahaji da tozonsu suke. Ke nan waɗanda suka yi wannan zane wasu irin shanu daban suke kiwo, tun kafin masu tozo su mamaye ƙasar. Irin waɗannan marasa tozo ba su ƙare duka ba. 'Yan'uwa da ke Kudu sun san muturu, 'yar gajeriyar saniyar nan mai jure cizon ƙudan tsando, mutanen bakin Tafkin Chadi kuma sun san kuri mai manyan ƙahoni.

Mai karatu ya lura da yadda aka kai ga wannan sani. Zanen bai zo da sunan mai shi ba, bai zo da kwanan wata ba. Wani ne ya tsaya ya kalla da kyau, ya lura da abin da babu, ya gwada da abin da ya sani, sannan ya yanke magana daidai gwargwadon hujjarsa. Wannan shi ne karatun zane.

Tuta, Ganuwa Da Riga

Mu gangaro ƙarni na goma sha tara. Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya haɗe Shira da Tashena da kewayensu, ya kafa masarautar Katagum wajen 1807. Ya taɓa cin Birnin Gazargamu na ɗan lokaci, dalilin da ya sa aka riƙa kiran sarakunan Katagum da Sarkin Borno. Ya rasu a 1814. Ita kanta tutar ƙyalle ne, amma duk wanda ya hango ta ya san mai ɗauke da ita da izinin Shehu ya zo. Babu wanda ya bukaci a fassara masa.

A watan Janairun 1824 Turawan nan biyu, Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa, a zamanin Sarki Ɗankauwa. Oudney ya rasu a Murmur, kusa da garin, a cikin wannan wata. Clapperton ya bayyana Katagum a matsayin gari mai kusurwa huɗu da ƙofofi huɗu, da ganuwa biyu ta jar ƙasa da ramuka uku na kariya. A nan ne kuma ya fara ganin ana ciniki da wuri tun tasowarsa daga Borno. Ganuwa biyu da rami uku aikin tsaro ne, amma kuma saƙo ne ga duk mai tahowa daga gabas cewa ya iso bakin iyakar wata daula.

Littafin tafiyar tasu ya fito a Landan a 1826, da hotunan barade da dawakin Borno a ciki, waɗanda masu sana'ar zane na can suka ƙawata daga zanen da abokin tafiyarsu Dixon Denham ya yi. Har yau ana saka waɗannan hotuna a littattafan tarihi kamar da kyamara aka ɗauke su. Ɗalibin da ya iya karatun zane zai tambaya: wa ya zana, wa ya gyara, kuma su wa aka yi domin su saya?

A cikin gida kuwa, babu allon da jama'a suka fi karantawa kamar babbar riga. A zamanin daular Sakkwato riga kyauta ce ta sarauta, da ita ake naɗi, da ita ake saka wa wanda ya yi abin kirki. Saboda haka kowa ya san bambancin saƙi da tsamiya da alharini, ya san aska biyu da aska takwas, ya san tambari da gidan biyar da malum-malum. Mutum na shigowa zaure, kafin ya buɗe baki an karanta matsayinsa a ƙirjinsa. Haka naɗin rawani, mai kunne biyu ba na kowa ba ne a masarautu da dama. Haka hula, mutumin Azare na iya gane aikin Bama daga nesa. Haka kuma tsagar fuska, wadda a da take gaya maka asalin baƙo tun kafin a gaisa.

Gini ma haka. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, shi ake danganta wa Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a jihar Bauchi, wanda aka gina wajen 1860, aka kuma ayyana shi abin tarihi na ƙasa a 1956. Bakan gizo da ɗaurin guga da zankwaye duk suna gaya wa mai wucewa ko wane ne mai gidan. Da zamani ya sauya, bango ma ya sauya baki. A tsakiyar ƙarni na ashirin magina a Zariya da Kano suka fara saka keke da agogo da jirgin sama a adon ƙofar gida, kusa da dagi da takobi. Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan irin waɗannan gidaje na Zariya a 1963. Attajirin da ya sa aka zana masa jirgi a ƙofar gida magana yake yi, kuma maƙwabtansa sun ji.

Allo Da Zayyana

Akwai wata makarantar da ta daɗe tana koyar da karatun launi da alama a tsare, ita ce tsangaya. Ƙasar Katagum, saboda kusancinta da Borno, ƙasar alarammomi ce. Wanda ya buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin namu zai ga baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, wani ɗigo da rawaya, wani da kore, kowanne da aikinsa wajen karatu. Zai ga alamar ƙarshen aya, da kumsa, da kuri, ga kuma adon da ke gefen shafi mai nuna sumuni da rubu'i da nusufi da hizbi. Gardi ba ya ɗaukar waɗannan a matsayin kwalliya kawai. Da su yake gane inda yake da abin da zai furta. In kuma yaro ya yi sauka, aka yi masa allon zayyana, duk unguwa ta san abin da allon nan yake nufi.

A nan ya kamata mu taɓa wata magana da ke zukatan iyaye da yawa, wato hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi bayani a kai, kuma akwai saɓani a tsakaninsu game da wasu rassan mas'alar, kowa sai ya koma ga malaminsa. Abin lura shi ne, wannan taka-tsantsan ne ya sa fasaharmu ta karkata ga dagi da kusurwoyi da rubutu, har ta gwanance a nan. Kuma karanta hoto daban yake da yin sa. Yaro na iya koyon fassara abin da ya gani ba tare da ya zana ko ƙadangare ba.

Da Boko Ya Zo

Turawa sun karɓi Katagum a 1903, bayan faɗuwar Kano. A zamanin Sarki Abdulƙadir, cikin shekarun 1910, aka mayar da hedikwatar masarautar Azare, sannan a 1926 aka cire ta daga lardin Kano aka haɗa ta da lardin Bauchi. A cikin waɗannan shekaru ne makarantar boko ta fara kafuwa a Arewa, kuma yadda ta ɗauki zane shi ne tushen matsalar da muke ciki.

A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, da sashen koyon sana'a a ciki, inda ake koyar da irin su dukanci da saƙa da ƙira. Abu ne mai kyau, amma an ware shi a matsayin aikin hannu, ga masu neman sana'a, su kuma masu karatun littafi aka nufa da su aikin malanta da na ofis. A Legas kuwa Aina Onabolu ya fara koyar da zane irin na Turai a makarantu a shekarun 1920, inda ake so ɗalibi ya kwaikwayi abin da ke gabansa daidai-wa-daida. A 1927 aka kawo Kenneth Murray domin koyar da zane, shi kuma ya dage a kan yara su riƙa ɗauko abin zanawa daga rayuwar garuruwansu. Shi ne daga baya ya jagoranci kafa ma'aikatar adana kayan tarihi ta Najeriya a 1943.

A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na kwalejin fasaha da kimiyya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su yarda a koya musu idon Bature kaɗai ba, sai sun haɗa da abin da suka gada. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga al'adun Urhobo. Yawancin waɗannan samari 'yan Kudu ne da suka zo Arewa karatu, suka gano darajar kayan gidansu suna zaune a tsakiyar Zazzau. Mu da aka yi abin a ƙofar gidanmu ba mu shiga da yawa ba. Wanda ya zauna ya tattara fasahar Hausa a tsare a wancan zamani wani malamin jami'ar ne Bature, David Heathcote, wanda ya shirya baje kolinta a Landan a 1976, ya kuma yi digirinsa na uku a kan ɗinkin rigunanmu.

Tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, ya ba zane gurbi a ƙaramar sakandare, daga baya aka haɗa shi da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda na al'adu da ƙirƙira. Amma abin da yawancinmu muka tarar a aji shi ne a ajiye kofi ko lemo a kan teburi a ce a zana, sai kuma haddar sunayen Nok da Ife da Benin da Igbo-Ukwu domin jarrabawa. Yaron da kakansa ke karanta riga da rawani ya gama sakandare ba a taɓa tambayarsa abin da wani hoto yake nufi ba. Ilimin yana gida, darasin yana makaranta, ba a gabatar da su ga juna ba.

Yadda Za A Ɗinke Ɓarakar

Gyaran ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Wani malamin koyar da zane a Amurka, Edmund Feldman, ya tsara matakai huɗu a 1970, waɗanda har yau ake amfani da su a ƙasashe da dama. Na farko, ɗalibi ya faɗi abin da ya gani kawai, ba tare da ra'ayi ba. Na biyu, ya duba yadda aka tsara shi: mene ne babba, mene ne ƙarami, ina ido ke fara sauka, wane launi ya rinjaya. Na uku, ya faɗi ma'anar da yake gani, ya nuna hujjarsa a jikin hoton. Na huɗu, sai ya yanke hukunci ko aikin ya cim ma manufarsa. Sirrin abin shi ne hana yaro tsallakawa zuwa mataki na uku kafin ya gama na farko, domin gaggawa aikin shaiɗan ce.

Mu gwada da abin da ke aljihun kowa. Malami ya fito da takardar naira ɗari biyu. A gaba ga Sardauna Ahmadu Bello da rawaninsa, a baya ga dalar buhuna da amfanin gona da shanu. Yara su lissafa duk abin da suka gani, har da rubutun ajami. Sannan a tambaye su: me ya sa aka haɗa wannan mutum da waɗannan kaya? Wace Arewa ake so mai riƙe da kuɗin ya tuna, kuma akwai dalar gyaɗa a Kano yau? Daga nan a ɗauko naira ashirin, a juya bayanta, ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Me ya sa aka zaɓi mace mai aikin yumɓu? Ina ajamin da ke kan wannan takarda a da? An cire shi daga ƙananan takardun kuɗi a 2007, kuma waɗanda suka shaida lokacin suna tuna irin muhawarar da aka tafka. Wannan muhawara kaɗai ta isa hujja cewa mutane na karanta abin da ke jikin hoto, kuma yana taɓa zuciyarsu.

Makarantun Azare da kewaye suna da gatan da na Legas ba su da shi. Shira ba ta da nisa, ana iya kai aji guda a dawo a yini ɗaya. A tsayar da yara gaban dutsen a ce kowa ya rubuta abu goma da ya gani kafin ya ce uffan. Shanun nan suna da tozo ko babu? Ina suka fuskanta? Me ya sa aka zaɓi wannan lungu aka bar wancan? Wanda ya ce mafarauta ne suka zana, a ce ya nuna baka ko kibiya. Wanda ya ce makiyaya ne, shi ma ya kawo tasa shaidar. Ranar hawan salla kuma a ba su aikin gida: kowa ya zaɓi mahayi ɗaya, ya bayyana rigarsa da rawaninsa da kayan dokinsa, ya faɗi abin da suke nunawa, sannan ya je ya tambayi wani dattijo ko ya canka. A gayyato maɗinkin riga da magini da alaramma mai zayyana su shigo aji. Waɗannan su ne farfesoshin wannan fanni, kuma kullum raguwa suke yi.

Mu Da Ke Nesa Da Gida

Yaron da aka haifa a Sabo ko Agege yana tasowa ne tsakanin alamu iri biyu. A waje yana ganin adire da aso-oke da gumakan da ke tsaye a mahaɗar tituna. A gida yana ganin hular babansa da lallen mamarsa da dagin Arewa a jikin kalandar ƙungiya. In ba a koya masa karanta ko ɗaya ba, na waje zai zame masa abin tsoro ko abin raini, na gida kuma ya zama tarkacen tsofaffi. In kuwa ya iya tambayar me na gani, wa ya yi, don wa, mece ce hujjata, zai fahimci maƙwabcinsa ba tare da ya saki nasa ba. Zaman baƙunta na bukatar wannan ƙwarai.

Ga kuma wata sabuwar larura. Yau hotuna ne ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok fiye da rubutu, wasu tsofaffi ne daga wata ƙasa aka liƙa musu sabon labari, wasu kuma kwamfuta ce ta ƙirƙire su ɗungurungum. Mu da ke zaune a garuruwan wasu mun san abin da hoto ɗaya na ƙarya zai iya jawowa kasuwa da unguwa kafin gari ya waye. Yaron da aka horar ya nemi tozon saniya a jikin dutse shi ne zai tsaya ya duba lambar mota da rubutun allon shago da irin tufafin mutane kafin ya tura hoto gaba.

Saboda haka ina kira ga iyaye, in an tafi gida hutun salla a ware yini ɗaya a kai yara Shira ko Birnin Kudu ko Kafin Madaki, ko aƙalla rumfar maɗinka a kasuwar Azare. A buɗe adaka a fito da tsohuwar rigar kaka a gaya musu sunan kowane aiki da ke jikinta. Ƙungiyoyinmu na zango da ke ɗaukar nauyin darasin yamma su saka wannan ko sau ɗaya a wata. Malaman zane kuma, musamman 'yan'uwa da ke koyarwa a Azare da Misau da Jama'are, su rage ba da kofi a zana, su ƙara ba da hoto a karanta.

Wanda ke da hoton zanen Shira ko na wani tsohon bango mai ado a garinsu, don Allah ya adana shi, ya rubuta sunan wurin da shekarar da ya ɗauka, domin siminti da ruwan sama ba sa jiran kowa. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya a inda muke, Ya maishe mu gida lafiya. Wassalam.